Walƙiya cikin dusar ƙanƙara: ta yaya ake hango ta daga sama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga wani bidiyo daga birnin Buffalo na Amurka, dusar ƙanƙara na zuba, ga walƙiya ga tsawa. Mu dai a nan da damina muka san tsawa. Gaskiya ne ko haɗi aka yi? Kuma an ce da tauraron ɗan'adam ake gano ta, ta yaya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin yana faruwa, sai dai ba kasafai ba, kuma Buffalo na cikin wuraren da aka fi saninsa. An yi irinsa a can a watan Nuwamba na 2022.

Walƙiya ba zafi take buƙata ba, ƙanƙara take buƙata. Ko hadarin Agusta da ke tasowa a Zariya, can ƙololuwarsa ƙanƙara ce, shi ya sa wani lokaci take faɗowa tare da ruwa. A cikin gajimare, inda sanyi ya kai digiri 10 zuwa 20 ƙasa da sifili, ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara suna karo da manya, sai lantarki ya rabu gida biyu. Idan ya taru ya yi yawa, sai ya fashe. Abin da ke wuya a hunturu shi ne samun iska mai ƙarfin da za ta cilla waɗannan ƙwayoyi sama. A Buffalo tafkin Erie ne ke yin wannan aiki: iska mai tsananin sanyi ta bi ta kan ruwan da bai gama hucewa ba, sai tururi ya tashi da ƙarfi. Haka ma gaɓar yammacin Japan, inda iskar Saberiya ke ratsa teku.

To, me ya sa sai an je sama? Dusar tana shanye ƙara. Tsawar damina ana jin ta daga nisan kilomita 15, amma wannan da wuya ta wuce kilomita 5, ga kuma kowa ya shige ɗaki. Da yawa sukan wuce babu wanda ya shaida.

A watan Nuwamba na 2016 Amurka ta harba tauraron GOES-16, ɗauke da na'urar gano walƙiya da ake kira GLM. An ajiye shi a nisan kusan kilomita 36,000, yana zagaye daidai da juyawar duniya, don haka idonsa bai bar nahiyar Amurka ba har zuwa 2025, lokacin da wani tauraro mai irin wannan na'ura ya gaje shi. Na'urar kyamara ce mai ɗaukar hoto 500 a daƙiƙa ɗaya, kuma launi guda kawai take nema, hasken da iskar oksijin ke fitarwa idan walƙiya ta ƙona ta. Kwamfuta tana gwada kowane hoto da waɗanda suka gabace shi, duk inda haske ya ƙaru farat ɗaya sai ta yi alama. Da wannan dabara ake gani har da rana tsaka.

Amma a kula, ba zaren walƙiyar take gani ba. Hasken da ya ɓullo ta saman gajimare take kamawa, kamar fitilar da aka rufe da mayafi. Kuma ita kaɗai ba ta san ruwa ake yi a ƙasa ko dusa ba. Dole a haɗa bayananta da na rada, wato na'urar da ke hango ruwa ko dusa a cikin gajimare, da rahoton tashoshin yanayi kafin a ce wannan walƙiyar dusa ce. Wanda ya nuna maka taswirar tauraro kawai ya ce ga hujja, ka nemi sauran.

Abin da ya fi burge ni shi ne, gajimaren hunturu yana kusa da ƙasa, saboda haka walƙiya da dama ba daga sama suke saukowa ba. Daga dogayen hasumiyoyin sadarwa da injinan lantarki masu aiki da iska suke tashi, su bazu cikin gajimare. Masu hasashen yanayi kuma suna sa ido a kan walƙiyar hunturu don alama ce ta cewa dusa mai yawa na zuba a kusa, irin wadda ke rufe hanya cikin awa ɗaya ko biyu.

Turai ma ta harba nata tauraron a Disambar 2022, Meteosat-12, wanda ke kallon Turai da Afirka gaba ɗaya. Walƙiyar da za ka gani a Zariya damina mai zuwa tana shiga lissafinsa.