Tambaya da Amsa: Rabon shinkafa ya isa kamfani ya sauke haƙƙin al'umma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Akwai wata masana'anta a unguwarmu da take raba buhunan shinkafa duk azumi, ta kuma haƙa mana rijiyar burtsatse, amma gurɓataccen ruwanta yana kwarara cikin magudanarmu, warinsa ya hana mu sakat. Da muka yi ƙorafi sai aka ce ai kamfanin yana sauke nauyin al'umma. Shin sauke nauyin ke nan? Kuma yana sauya yadda kamfanoni ke gudanar da harkokinsu kuwa?
Mai karatu daga Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Shinkafa da rijiya alheri ne, ba kuma za a raina su ba, sai dai kyauta daban, haƙƙi daban. Kyauta tana fitowa daga ribar da aka riga aka ci, shi kuwa haƙƙin al'umma yana cikin yadda aka samo ribar: inda aka zubar da dagwalon masana'anta, abin da aka biya leburori, da irin kariyar da aka ba su a bakin inji. Kamfanin da ya tace ruwansa kafin ya sake shi ya ƙara wa kansa kashe kuɗi na kullum, shi ya sa da yawa suka fi son rabon da za a ɗauki hotonsa.

A ganina, kamfani yakan sauya hali ne idan sakaci ya fara ci masa aljihu. Lokacin da ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladash a 2013, ya hallaka sama da mutum 1,100, galibinsu maɗinka tufafin da ake kaiwa Turai da Amurka, kamfanonin tufafi fiye da 200 sun sa hannu a yarjejeniyar da ta wajabta binciken gine-gine da matakan kashe gobara a masana'antun da ke yi musu ɗinki, masana'antar da ta ƙi gyara kuwa a daina ba ta aiki. Fushin masu saye na cikin abin da ya jawo hakan. A Neja Delta kuma shari'a ce ta yi aiki, domin bayan malalar mai ta 2008 a Bodo da ke ƙasar Ogoni, mutanen garin sun kai ƙara Landan, har kamfanin mai na Shell ya amince a 2015 ya biya diyyar fam miliyan 55.

Wasu ƙasashen sun mayar da abin doka. Indiya ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a ayyukan al'umma a dokarta ta 2013, ita kuwa dokar man fetur ta Najeriya ta 2021 ta sa kamfanonin haƙar mai su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu a asusun al'ummomin da suke aiki a yankinsu. Sai dai ware kaso bai hana ɓarna ba, kamfani yana iya biya ya ci gaba da gurɓata rafi.

Abin da kuke fama da shi ba sabo ba ne a Kano, an daɗe ana kuka da ruwan majemu da sauran masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, wanda ke gangarawa rafukan da manoman rani ke ban ruwa da su. Ku karɓi shinkafar, amma ku haɗa kai da mai unguwa ku rubuta takardar koke zuwa Ma'aikatar Muhalli ta jiha da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tilasta bin dokokin muhalli, ku haɗa da hotuna, ku nemi a ɗebi ruwan a auna shi.