Tambaya da Amsa: Agogon Kwalaben Nixie

Tambaya: Malam, daga Jidda nake rubutowa. Na sayi tsofaffin kwalaben Nixie (kwalaben gilashi masu nuna lambobi da haske) samfurin IN-14 domin in haɗa agogo, amma batir mai bolt 12 ya kasa kunna su. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, mai yiwuwa kwalabenka lafiyarsu ƙalau. Iskar niyon da ke cikinsu ba ta ba da hasken nan mai kama da garwashi sai ta samu wajen bolt 170, saboda haka kana buƙatar na'urar ɗaga ƙarfin wuta, da kuma resista a kan kowace kwalba don kada wutar ta yi mata yawa. Don Allah kada ka taɓa allon haɗin wutar da hannu, domin kafasita (ƙaramar ma'ajiyar wuta da ke kan allon) tana riƙe wuta ko bayan an kashe.