Ɗana bai iya magana sosai ba, ga makaranta ta matso

Tambaya: Ɗana shekararsa 4, amma mu kaɗai ke gane maganarsa. Me zan yi kafin a sa shi makaranta? Wata uwa daga Zariya.

Amsa: Hajiya, a shekara 4 ya kamata baƙo ya gane yawancin maganarsa. Fara da gwajin ji, a sashen kunne na babban asibiti ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, Kaduna. Ruwa a bayan dodon kunne kan toshe ji ba tare da ciwo ba, yaron da bai ji daidai ba kuwa ba zai furta daidai ba. Daga nan sai ƙwararren gyaran magana. Ki tafi da bidiyon hirarsa a gida, don yara kan yi gum gaban likita. Kada wanzami ya taɓa harshensa.