Raha, nishaɗi, annashuwa: wai duk abu ɗaya ne?

Wata baiwar Allah daga Zariya ta aiko tana cewa, Malam don Allah mene ne bambancin raha da nishaɗi da annashuwa, ita dai gani take duk ɗaya ne, marubuta ne kawai ke son cika takarda.

To malama ba ɗaya ba ne, ko da yake ukun duk daga Larabci muka aro su. Raha a can asalinta hutu take nufi, wato mutum ya sauke gajiya, amma da ta shigo bakin Bahaushe sai ta koma hirar da ake yi ana tsokanar juna ana dariya. Ni wannan sauyin yana burge ni sosai, don kakanninmu ba su karanta likitanci ba amma sun ɗauki kalmar hutu sun laƙaba wa dariya, kin ga ke nan sun san inda gajiyar zuciya ke sauka. Nishaɗi kuwa asalinsa kuzari ne da karsashi, shi ya sa mutum zai iya zama shi kaɗai a ɗaki yana cikin nishaɗi, amma raha sai da abokin yi, ba a raha da bango. Annashuwa ita ce wadda ke fitowa a fuska, irin ta wanda aka yi wa albishir. Labarin zuciya ai a tambayi fuska.

Sai wani ɗalibi daga Maraɗi da ya ce ya ji ana cewa haƙorin dariya shi ke cizo, shin Bahaushe yana hana dariya ne?

A'a ɗana, gargaɗi ne kan mutane ba kan dariya ba. Wanda kuke shan shayi tare kuna tafawa shi ya san sirrinka, in cuta za ta zo ta nan ta fi saurin ɓullowa. Bahaushen da ya faɗi wannan shi ne dai ya ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Kuma ka duba yadda ya rarraba abin dalla-dalla: akwai murmushi, akwai yaƙe wanda haƙora ne kawai a waje zuciya na ƙuna, shi ne ake cewa ya fi kuka ciwo, sannan a ce ya ƙyalƙyale, ya tuntsire, ya sheƙe, ya bushe da dariya. Dariyar ƙeta daban take, ba ta sauke wa kowa nauyi. A addini ma haka ne, hadisi ya ce murmushinka ga ɗan'uwanka sadaka ne, wani hadisin kuma ya ce yawan dariya na kashe zuciya, ka ga magana ce ta ma'auni.

Tambaya ta uku ita ta fi min daɗi, wani ne ya ce me ake nufi da taubashi, yana jin tsofaffi na faɗa. Taubasai su ne ɗan mace da ɗan namiji, wato 'ya'yan wa da ƙanwarsa, kuma al'ada ta ba su lasin su zolayi juna ba mai fushi. Daga nan abin ya faɗaɗa, Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa, Katsinawa da Nufawa, ga kuma kuɗin shara da abokan wasa ke bin juna a watan cika-ciki. Ku mutanen Nijar ma har UNESCO ta sa wannan wasan naku cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Amfaninsa ba ƙarami ba ne, maganar da in wani ya faɗa maka sai an kai ga mai unguwa, abokin wasa zai yaɓa maka ita a tsakiyar kasuwa ka yi dariya ka wuce, kuma saƙon ya shiga. Da wasa ai ake faɗa wa wawa gaskiya.

Na ga aikin wannan abu da idona ranar sadakar bakwai ta kakarmu. Gida ya yi tsit, iyayenmu mata ido ya kumbura, kwano an ajiye ba mai taɓawa, sai ga wata jikarta ta fito daga ɗakin marigayiyar ta ɗaura zanenta ta ɗauki sandarta tana ɗingishi irin nata, tana masifa wai uban wa ya taɓa mata goro. Gwaggonmu da ta kwana shida ba ta ci abin kirki ba ita ta fara tuntsirewa, hawaye na zuba tana cewa Allah ya shirye ki ja'ira, daga nan ta jawo kwanon tuwo.

Wanda ya tambayi asalin kalmar barkwanci ya yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, wuri ya ƙure.