Tarakta na silo lafiya, amma ba ta jan garma

Tambaya: Malam, ina da tsohuwar Ferguson TEA20 mai shan fetur da na gada wurin mahaifina. Bugu ɗaya take tashi, silo lafiya lau. Amma da na ɗaura garma na ba ta wuta sai ƙarfinta ya mutu, lagireto ya ɗau zafi, salansa na harbi. Na wanke kafireta, na sa sabbin filogi, ba canji. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, ka ƙyale kafiretar nan ta huta. Zargina yana kan distributa, mai raba wa filogi wuta.

Fetur yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya ƙone, don haka gwargwadon gudun inji, gwargwadon yadda filogi zai riga fistin isa sama da ba da wuta. A distributar Lucas da ke jikin waɗannan taraktoci da aka ƙera a Coventry tsakanin 1947 da 1956, masu wannan aiki wasu 'yan ƙarafa biyu ne masu nauyi, da ƙananan sifirin, a ƙarƙashin farantin kwantak. Inji na ƙara gudu suna buɗewa, su tura taimin, wato lokacin ba da wutar, gaba. Shekara saba'in na tsatsa da busasshen giris sukan ƙame su. Sai wuta ta riƙa zuwa a makare, man ya ƙarasa ƙonewa a hanyar salansa. Zafin ke nan, harbin ke nan.

Gwajin ba wuya. Kashe inji, cire murfin distributa, ka murɗa rota da yatsa ta wajen da take juyawa. Ya kamata ta ɗan gusa, ka sake ta ta dawo da kanta. In ta ƙi motsi, sun ƙame: cire farantin, ka wanke da kananzir, ka ɗiga mai kaɗan, har da ƙarƙashin rota, wurin da kusan kowa ke mantawa. In kuwa ta gusa ta zauna can, sifirin ya saki ko ya karye. Kada a sa na wata mota don kawai ya shiga, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Sai ka saita tazarar kwantak tukuna kafin ka taɓa taimin, domin tazarar na canza shi. Wayoyin filogi su bi 1-3-4-2. In ka samu fitilar taimin, haska alamar taimin kana ƙara wuta, in ƙarafan na aiki za ka ga tana tafiya a hankali tana dawowa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a juya distributa gaba da ji da kunne don a ɓoye matsalar. Ƙarfi zai ɗan dawo, amma ranar da ka tada ta da handil, injin na iya harbo shi baya ya karya maka hannu.