Shin Coci ce ta ƙone Galileo?

Tambaya: Malam, a sakandare an gaya mana cewa Coci ta ƙone Galileo don ya ce duniya kamar ƙwallo take. Haka ne? Kuma da gaba da addini kimiyya ta taso?

Amsa: Ƴar'uwa, an cakuɗa miki labarai biyu. Wanda aka ƙone a Rum a 1600 Giordano Bruno ne, kuma yawancin tuhumar da aka yi masa ta aƙida ce. Galileo a kan gadonsa ya rasu a 1642, yana ɗaurin talala a gidansa da ke Arcetri a Italiya. Siffar duniya kuwa ba a yi musu a kanta ba, malaman Coci sun daɗe da sanin ƙwallo ce. Gardamar ita ce: wa ke kewaya wani, rana ko duniya?

Wanda ya tayar da batun a 1543, ya ce duniya ce ke kewaya rana, Copernicus, shi kansa ma'aikacin Coci ne, har ya sadaukar da littafinsa ga Fafaroma. Aka yi shekara saba'in ba a hana karanta shi ba. Sai Galileo, wanda ya goyi bayan wannan ra'ayi, ya kafa madubin hangen nesa, a 1610 ya ga watanni huɗu suna kewaya tauraron Mushtari, ya kuma ga Zuhura, Zara matar wata, tana cika tana raguwa kamar wata. Masana taurari na Coci suka duba, suka tabbatar.

To ina matsalar? A littafin Joshuwa na Baibul an ce rana ta tsaya cik, abin da ke nuna ita ke tafiya. Galileo ya ce a sake fahimtar ayar. Lokacin kuwa Cocin Katolika ta Rum na fama da Furotesta, Kiristocin da suka ɓalle daga gare ta, kan wa ke da ikon fassara nassi, ga wani masanin lissafi ya sa baki. A 1615 Kadinal Bellarmine, babban malamin Coci, ya rubuta cewa in hujja yankakkiya ta zo, sai a sake duba fassarar. Galileo ba shi da ita. Ya kafa hujja da cikowa da janyewar teku, ya ce motsin duniya ke girgiza ruwan kamar a kwale-kwale, kuma a nan kuskure ya yi. An gargaɗe shi a 1616.

A ganina, abin da ya kai shi ƙasa shi ne littafinsa na 1632. Fafaroma Urban na 8 abokinsa ne, amma Galileo ya ɗauki hujjar da Fafaroman ke ji da ita ya sa a bakin Simplicio, wanda ke shan kaye a duk muhawarar littafin. A Yunin 1633, yana tsoho ɗan shekara 69, aka sa shi ya durƙusa ya janye maganarsa. Zalunci ne, ba na kare shi.

Gaba da addini kuwa, manyan masana kimiyya Kepler da Newton masu ibada ne. Newton ya shafe shekaru yana nazarin annabce-annabcen Baibul. Hujjar da aka nema daga Galileo, wato ɗan gocewar tauraro saboda tafiyar duniya, sai a 1838 masanin taurari Bessel ya samo ta. Fafaroma John Paul na 2 ya amsa kuskuren alƙalan Galileo a 1992.