Rimot ɗin Jirgin Ƙasa na Wasa Ya Daina Aiki: Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana ya kawo wa ɗana jirgin ƙasa na wasa ƙirar LEGO, na gwanjo, mai rimot da ke da abin murzawa biyu. Ya yi aiki na ɗan lokaci, muka ajiye shi har damina ta wuce, yanzu kuma ko motsi ba ya yi. Na sayi ƙarfen liƙi da dalma, amma ban taɓa gyara kayan lantarki ba. Ina neman shawara. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Rimot ɗin da ka siffanta na tsarin Power Functions ne, wanda ke aika umarni da wani haske da ido ba ya gani, kamar na talabijin. Ajiye ƙarfen liƙin tukuna, domin sau da yawa irin wannan matsala ba ta kai ga liƙi, kuma mai koyo ya fi yin ɓarna idan ya zafafa ƙarfe kafin ya gano inda cutar take.

Fara da tabbatar da cewa laifin na rimot ɗin ne. A jikinsa akwai ɗan makunni mai lamba 1 zuwa 4, akwai kuma irinsa a na'urar da ke karɓar saƙo a cikin jirgin. Idan lambobin suka saɓa, jirgin ba zai amsa ba, kuma yara kan tura makunnin ba da saninsu ba. Ka gwada a cikin ɗaki, saboda hasken rana mai ƙarfi yana danne saƙon. Daga nan ka buɗe kyamarar wayarka, ka saita kan rimot ɗin gare ta, ka murza. Idan yana aiki za ka ga haske yana ƙyaftawa a fuskar wayar. Gwada da rimot ɗin talabijin da farko, domin wasu kyamarori suna tace wannan hasken.

Inda na fi zargi shi ne gidan batir. Batirin da aka bari a ciki wata da watanni yakan zubo da wani sinadari da ke daskarewa kamar farin gishiri, ya ci ƙarafan da ke taɓa batirin, laimar damina kuma ta ƙara masa tsatsa. Cire tsofaffin, ka ɗiga ruwan lemon tsami ko ruwan kal a auduga ka goge wurin, domin tsamin yana kashe kaifin sinadarin. Sannan ka bi da sifirit, ka kankare ƙarfen da samfefa mai laushi har ya yi ƙyalli, ka bar shi ya bushe sarai. Kada abin ya taɓa maka ido, ka kuma wanke hannu bayan ka gama. Rimot ɗin yana ɗaukar ƙananan batura AAA guda uku, kowanne bolt 1.5, jimla 4.5. Ina ganin mita, wato ƴar na'urar auna ƙarfin wutar batir, ta fi ƙarfen liƙi amfani ga mai koyo, don haka ka samo ta ka auna: idan baturan suna da ƙarfi amma wuta ba ta isa allon lantarkin da ke cikin rimot ɗin ba, to hanya ta yanke a tsakani.

Sai a wannan gaɓa liƙi zai shigo. Ɗauki hoton cikin kafin ka taɓa komai, ka nemi waya da ta tsinke ko liƙin da ya tsage. Koyi hannu a kan mataccen rediyo tukuna. Ƙarfe mai wat 25 zuwa 30 ya wadatar. Ka ɗora bakinsa a mahaɗar na daƙiƙa biyu ko uku, ka sa dalma ta narke a jikin wayar, kada ka daɗe har roba ta narke ko siririn layin tagulla ya ɗago daga allon.

Idan ƙwaƙwalwar rimot ɗin ce ta ƙone, gyara bai cancanci wahalarsa ba, sai ka nemi wani na gwanjo. Ka lura wajen saye, domin tun 2018 jiragen LEGO suka koma tsarin Powered Up mai amfani da Bluetooth, kuma rimot ɗinsa ba zai tuƙa jirgin ɗanka ba. Wanda za ka nema shi ne mai lamba 8879.